Ragunan Dawce da Shafi na Sha Bakwai

Raguna goma sha ɗaya suka mutu a Dawce tsakanin hantsi da azahar na ranar Laraba, saura mako uku layya. Da Adjidan Hashimu na jandarmomin Matameye ya iso a kan moto, ya tarar an jawo su gindin gawo an jera, bakunansu duk kumfa. Matan da suka yi wata biyar suna turka su na tsaye gefe guda, ba mai kuka. Mazansu na Kano da Legas wurin ci-rani, kuma ragunan nan su ne abin da kowace ta shirya nunawa in maigida ya dawo.

Hashimu mutum ne da ba ya son gaggawa, ba ya kuma son ordinatar, wato kwamfuta. Shekara ashirin da biyu yana aiki da littafin rubutu da alƙalami, kuma duk abin da aka faɗa masa sai ya rubuta, ko da bai gane shi ba. Musamman ma in bai gane ba.

Ya sa aka kira masa Habibu, mai yi wa dabbobin ƙauyen magani. Ya zo nan take.

"Kai ka ɗura musu magani?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na tsutsar ciki ne."

"Nawa ka ba kowane?"

Habibu ya zaro wani ɗan littafi sabo fil daga aljihu, ya buɗe shafi na sha bakwai ya miƙa. Tablo ne, wato jadawalin awon magani, mai layi biyu, ɗaya na tumaki da awaki, ɗaya na shanu. Ko Hashimu da bai taɓa kiwon kaza ba ya ga abin da ya faru. Awon shanu ne zaune a layin tumaki, na tumaki kuma a layin shanu.

"Ba ka ga ya yi yawa ba?"

"Na gani. Amma maganin sabo ne, bana aka fara kawo shi, na ce ko mai ruwa-ruwa ne. Kuma shekara biyar ina aiki da littafin ƙungiyar masu kiwo, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Littafi nawa aka raba?"

"Arba'in, in ji su. Shekaranjiya Litinin."

Kafin ya bar Dawce, Hashimu ya buga waya birgad, ofishinsu na jandarma, ya ce a bi duk ƙauyukan da aka kai littafin a karɓo, kada a bar ko ɗaya.

Ofishin Ƙungiyar Masu Kiwo ta Rufin Asiri ɗaki biyu ne a bayan tasha. Ɗaya ma'ajiyar magani, ɗaya kuma mai tebur da fanka da ordinatar guda. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulra'uf, ɗan kasuwa ne mai kirki da saurin yanke hukunci, kuma labari ya riga Hashimu isowa, don haka hukuncin ma ya riga shi.

"Adjidan, ba sai ka wahala ba. Yarinyar nan Najaha ce. Tun da ta zauna kujerar nan take gyare-gyare, yau ta canza wannan, gobe ta canza wancan. Abu na aiki lafiya lau, me ya kai ta taɓawa? Asabar kwamiti zai zauna mu sallame ta. Matan Dawce kuma sun ce ƙara za su kai, sunanta na riga na ba su ta waya."

"Wa ya raba littattafan, Alhaji?"

Alhaji ya gyara hula. "Ni ne. Da an shirya sai Alhamis za a raba, bayan an sake dubawa. To, masu allura suka zo karɓar magani ran Litinin, na ce me zai sa su dawo cikin ranar nan? Na ba su."

"Wa ke da mabuɗin ɗakin nan?"

"Ni, da ita, da Salisu mai ma'ajiya."

"Kai kana taɓa ordinatar?"

"Ni? Ko kunna ta ban iya ba."

Hashimu ya yarda da wannan, don ya ga yadda Alhaji ke kewaye teburin kamar wanda ke gudun kada abin ya cije shi.

Najaha na zaune a benci a waje. Shekarunta ba su wuce ashirin da shida ba, idonta a bushe, hannuwanta a kan gwiwa. Mahaifiyarta 'yar Dawce ce, kuma biyu daga cikin ragunan da suka mutu na gwaggonta ne, wadda ta riƙe ta tana ƙarama. Gwaggon ta riga ta aiko cewa kada ta taka mata gida.

"Malama, yi mini bayani kamar wanda bai je lakwal ba, bai san boko ba," in ji Hashimu. "Yaya ake yin littafin nan?"

Ta shiga ta kunna ordinatar. "Rubutun guda ɗaya ne, ranka ya daɗe. Muna ce masa uwa. A nan ake rubuta komai, awon magani, alamun ciwo, yadda ake aiki da manhajar da masu allura ke rubuta dabbobin da suka duba. Sai injin ya fitar da shi iri biyu. Ɗaya shafin intanet, na masu wayar salula. Ɗaya na bugawa a takarda, na ƙauyukan da ba rezo, inda waya ba ta kamawa."

"Me kika gyara?"

"Da na takarda yana yanke tablo. Layin ƙarshe ya faɗa bayan shafi, ko ya ɓace gaba ɗaya, sai an bi da alƙalami. Haruffa masu lanƙwasa suna fitowa kamar akwatuna. Na salula kuma hotunansa sun yi nauyi, mutum a ƙauye sai ya sha shayi ya gama bai buɗe ba. Na rage musu nauyi, na sa tablo ya riƙa zama a shafi ɗaya, na ƙara girman lambobi saboda tsofaffi."

Ta buɗe uwar. Awon daidai yake. Ta buɗe shafin intanet, shi ma daidai. Ta sa injin ya fitar da na takarda a gabansa, ya fito ba kuskure.

"To wannan daga ina?" Ya ɗora littafin Habibu a kan tebur.

"Ban sani ba. Ran Alhamis ta makon jiya na gama, na duba sau uku, na sa a kile, ɗan abin nan da ake sokawa a ordinatar a kwashi fayil, na ajiye a durowar nan. Ran Asabar Alhaji ya ɗauka ya kai wa mai bugawa."

"Durowar tana da makulli?"

"Babu. Kalmar sirrin ordinatar ma guda ɗaya ce ta kowa. Na roƙi a ba kowa tasa, Alhaji ya ce mu 'yan gida ɗaya ne."

"Ban da ke, wa ya iya aiki da injin?"

"Yaya Salisu. Shi ya haɗa shi tun farko, shi ya koya mini."

Salisu na ma'ajiya yana jera kwalabe. Dogo ne mai fara'a, ɗan shekara talatin da wani abu, ya kawo wa Hashimu kujera da ruwan sanyi tun kafin a tambaye shi komai. Shekara biyar shi ne a kan ordinatar. Bara da kaka ya tafi Legas da cewa wata uku zai yi, ya yi bakwai. Da ya dawo ya tarar an ba Najaha kujerar, shi kuma aka ba shi kwalabe.

"Abin bai yi maka ciwo ba?"

"Haba, ranka ya daɗe. Kamar ƙanwata ce, ni na ɗora hannunta a kan abin. Kuma don Allah kada a ce da gangan ta yi. Tablo abu ne mai wuyar sha'ani. Ka taɓa faɗin layi kaɗan, sai lambobi su zame, na sama ya koma ƙasa. Yarinya ce mai ƙoƙari, sauri ne kawai ya yi mata yawa."

"Amma yanzu ta fitar a gabana, ya fito daidai."

"Haka yake yi. Yau ya fito daidai, gobe ya zame. Ka duba na salula, ai bai taɓa canzawa ba. Shi hanyarsa daban, sai mutum ya tura shi da hannu yake hawa intanet. Na takarda ma hanyarsa daban, kuma ita ce ta taɓa. Ni na gina su, na san su kamar ɗakina."

Hashimu ya rubuta wannan kalma da kalma. Ya lura cewa mutumin ya kare yarinyar sosai, kuma bayan kariyar ta fi nutsewa.

Washegari Alhamis ya je wurin Abubakar mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Abubakar dattijo ne mai tabarau, ya saba da jandarmomi don shi ke buga musu fom.

"Adjidan, ni abin da aka kawo nake bugawa. Ko zagina aka rubuta, in an kawo a kile, zan buga in naɗe in ɗinke."

"Kana iya canza abin da ke ciki?"

"Irin wannan a rufe yake zuwa, kamar hoto. Amma zo ka gani, ina ajiye kwafin duk aikin da na yi."

Ya buɗe. Shafi na sha bakwai a juye yake tun a nan. Abubakar ya nuna masa wani ɗan rubutu a gefe, inda ake ganin ranar da aka yi fayil ɗin: Juma'a, ƙarfe biyu saura minti takwas na rana. Kile bai iso shagon ba sai Asabar. Hashimu ya ja layi a kan sunan Abubakar, ya kuma ji ba daɗi, don ya san inda wannan lokacin zai nuna.

Alhaji Abdulra'uf bai ɓata lokaci ba da ya ji. "Juma'a ƙarfe biyu saura? Adjidan, wa ya rage a gari a lokacin nan in ba mata ba? Ni ina sahun gaba, liman ma shaida ne."

Salisu ya ce yana babban masallaci, a waje, wajen inuwar bishiyoyi, tare da mutum dubu. Najaha ta ce tana gida tana dama wa mahaifiyarta kunu, kuma shaidarta mahaifiyar ce kaɗai.

"Kin ce Alhamis kika sa a kile."

"Alhamis na sa."

"Fayil ɗin ya ce Juma'a."

"To ba nawa ba ne," in ji ta. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ta daina kallonsa. Hashimu ya ce kada ta bar gari.

Da maganar ta tsaya nan, da ranar Asabar an gama da ita. Sai dai ranar Juma'a da safe wata mata ta sauka daga motar Ɗan Barto ta nemi birgad. Sunanta Mas'uda, tana da goyo, kuma ta zo ne don ta ji labarin Dawce a bakin rijiya.

"Nawa ragon ma haka ya yi, ranka ya daɗe. Kumfa, rawar jiki, kafin la'asar ya tafi. Na ɗauka kwanansa ne ya ƙare."

"Yaushe?"

"Asabar ɗin da ta wuce."

Hashimu ya ajiye alƙalami. Ran Asabar ɗin littattafan ba su ma fito daga injin Abubakar ba.

"Wa ya ba ki littafi?"

"Ba ni da littafi. Maganin na saya a kasuwa, ban san awo ba, na kira maigidana Adnan a Kano. Shi yana da babbar salula, duk abin da ya shafi dabbobi yana dubawa a shafin ƙungiya ya ɗauko mini hoto. Haka mazan unguwarmu ke yi duk rani."

Ta miƙa masa wayarta. Hoton fuskar salula ne, ga tablon nan, awon shanu a layin tumaki. A kusurwar sama agogon wayar Adnan ya fito: ƙarfe biyu saura minti goma sha ɗaya. Saƙon ya shigo ranar Juma'ar makon jiya.

Hashimu ya kira Adnan da wayar matarsa. Mutumin na tura baro a kasuwa, da ƙyar ake jinsa.

"Kai ba ka je masallaci ba ran nan?"

"Na je mana. Namu na unguwa ƙarfe ɗaya ake tayarwa. Ina fitowa na ga kiranta, na buɗe na ɗauka na tura. Me ya faru?"

"A shafin ƙungiya ka ɗauka, ko wani ya turo maka?"

"A shafin. Wallahi a shafin."

Hashimu ya buɗe littafinsa ya sake karanta abin da Salisu ya faɗa, sannan ya aika a kira Najaha ofis. Ya karɓi salular wani jandarma, ya sa aka buɗe masa shafin ƙungiya, ya riƙe a hannu.

"Canza mini kalma ɗaya a uwar. Kowace. Ki ajiye, kada ki yi komai bayan haka."

Ta canza "tumaki" zuwa "raƙuma" a wani kanu, ta ajiye, ta naɗe hannu. Minti bai cika ba raƙuma suka bayyana a wayar da ke hannun Hashimu. Ta mayar, suka ɓace.

"Ba ki tura da hannu ba."

"An daina tun Fabrairu. Da sai a gyara na takarda a manta na salula, sai su saɓa, mutane su rikice. Shi ya sa na haɗa su. Duk wanda ya ajiye gyara a uwar, duka biyun za su fita tare."

"In kina son ki fitar da na takarda kaɗai, kada intanet ya gani?"

"Akwai maɓallin gwaji. Ga shi. Ni na sa shi, kullum da shi nake aiki kafin in tabbatar."

"Wa kika gaya wa kin haɗa su?"

"Alhaji. Ya ce Allah ya yi albarka, yana waya a lokacin."

"Salisu fa?"

"Yana Legas. Da ya dawo na ce ya zauna in nuna masa abin da ya canza, ya yi dariya ya ce shi ya gina abin." Ta tsaya, ta dubi Hashimu. "Me ya sa kake tambaya?"

"Je ki gida, Malama. Gobe ki zo taron."

Zato ba shaida ba ne, kuma Hashimu ya san mai shari'a ba zai ɗaure mutum don ya jahilci maɓalli ba. Ya koma birgad, inda aka tara littattafai arba'in ɗin a kwali. Da wani ne, da ya ƙirga su kawai ya rufe kwalin. Shi ya ja kujera ƙarƙashin fanka ya dinga buɗe shafi na sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, don haka ya saba. Talatin da takwas iri ɗaya ne. Biyu, waɗanda aka karɓo daga Yauri, an soke lambobin da shuɗin alƙalami, an rubuta na daidai a gefe da rubutu mai kyau.

Ya kira mai allurar Yauri.

"Kai ka gyara littafinka?"

"A'a, ranka ya daɗe. Salisu ne. Ya zo gaida tsohuwarsa ran Talata, ya biyo ta wurina ya ce akwai ɗan kuskuren bugu, ya gyara nawa da na abokin aikina. Ya ce ba sai an yi surutu ba, kada a kunyata yarinya."

"Talata, ka tabbata? Ba Laraba da yamma ba?"

"Talata. Ai Laraba da safe na ɗura wa ragunan tsohuwar tasa, uku ne, suna nan lafiya. Ni na ɗauka kowa an bi an gyara masa."

Ranar Asabar da hantsi kwamiti ya zauna a tabarmi a gaban ofis, mutum bakwai, Alhaji a tsakiya da takardar sallama a rubuce. Najaha na gefe. Salisu na zuba shayi. Hashimu ya jira aka yi addu'a, sannan ya nemi a ba shi minti goma.

"An ce injin ne ya zame ya juya tablo a takarda," in ji shi. "Ga hoton da aka ɗauka a Kano ranar Juma'ar makon jiya, biyu saura sha ɗaya. Tablon a juye yake a intanet ma. Ke nan ba bugu ne ya zame ba. Hannu ne ya shiga uwar rubutun ya musanya layi biyu, ya fitar da na takarda, ya sa a kile a madadin na Malama, ya mayar da uwar yadda take. Bai fi minti goma ba. A cikin mintocin nan wani bawan Allah ya duba wa matarsa awo, ragonta ya mutu."

Ba wanda ya taɓa shayinsa.

"Abubakar bai ga kile ba sai Asabar. Alhaji bai iya kunna ordinatar ba, kuma yana sahun gaba. Saura biyu. Malama Najaha ita ta haɗa na takarda da na salula suke fita tare, ita ta sa maɓallin da ke hana intanet gani. Da ita ce, da ta danna shi, da ba wanda ya gani a Kano. Wanda ya yi aikin nan ya iya injin sosai, amma injin bara ya iya. Ya ɗauka na salula ba ya motsi sai an tura shi da hannu. Ran Laraba wani ya faɗa mini haka da bakinsa, na rubuta."

Salisu ya ajiye buta a hankali. "Ranka ya daɗe, rashin sanin sabon abu ba laifi ba ne."

"Ba laifi ba ne." Hashimu ya buɗe littattafan Yauri biyu ya shimfiɗa a tabarma. "Rubutun wa ke nan?"

Salisu ya duba, ya kau da kai.

"Ran Talata ka gyara su. Ragon farko a Dawce bai faɗi ba sai Laraba. Ba wanda ya san da kuskure a littafin nan ran Talata, sai wanda ya sa shi."

Wani dattijo a kwamitin ya yi salati ƙasa-ƙasa.

Salisu ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da bango. Da ya yi magana, fara'ar ta tafi, muryarsa ta zama ta mutumin da ya gaji.

"Ban yi don dabba ta mutu ba. Alhamis aka ce za a duba kafin a raba. Na shirya ni zan gano shi a gaban kowa, in ce ga abin da gyaranta ya jawo, a dawo da ni kujerata. Shi ke nan. Shekara biyar na yi a kan abin nan, na dawo na tarar ana cewa sai yanzu littafi ya yi kyau. Da na zo ran Litinin da yamma na ga kwali ba komai, Alhaji ya raba, sai na ga abin ya kuɓuce mini."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa, za a ce ta yaya na sani, littafin da ban buɗe ba? Na ce bari in bi su ɗaya ɗaya a hankali."

"Ka fara da Yauri."

"Na fara da Yauri."

"Ka kuma tsaya a nan."

Salisu ya sunkuyar da kai. Hashimu ya yafito jandarman da ke tsaye bakin ƙofa. Bai ji daɗin nasara ba, bai kuma ji tausayi ba. Abin da ya ji shi ne zafin rana da son ya koma ya rubuta rahoto.

Alhaji ya naɗe takardar sallama ya cusa a aljihu. "Najaha, 'yata, ki yi haƙuri. Kujerarki na nan. Kowa ma za a ba shi kalmar sirrinsa, yadda kika ce."

Najaha ta tashi ta tsaya gaban Salisu lokacin da ake ɗaga shi.

"Yaya Salisu, lambar Habibu na Dawce tana cikin salularka?"

"Tana ciki."

"Ran Talata akwai rezo a Yauri?"

"Akwai."

Ta gyaɗa kai, ta matsa aka wuce da shi. Sannan ta juya wurin Alhaji, ta gyara mayafinta.

"Alhaji, kujera ta jira. Dawce za mu je yanzu, ni da kai. A gaban matan nan ka faɗi sunana ran Laraba, ta waya, kowa na ji. Ina so ka je ka janye shi da bakinka a ƙofar gidan Gwaggo."

Alhaji ya dubi 'yan kwamiti, ba wanda ya taimake shi da ko tari. Ya dubi rana, wadda ta riga ta kai tsaka. Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya jawo takalmansa.